Jirgin Baba Ba Ya Nutsewa

Ni dai ban taɓa hawa jirgin ruwa ba, gara in faɗa da bakina tun kafin wani ya tona. A unguwar Jarwal aka haife ni, a nan birni mai tsarki, tun lungunanta na nan ba a rushe ba. Mahaifina mutumin ƙasar Kano ne, da ƙafa ya taho, ya tsallako teku a wani kwalekwale wanda har ya koma ga Allah idan an ɗauko zancensa sai ya ce a kawo wata hirar. Ni kuwa teku na gan ta sau kaɗan a Jidda, ta gilashin mota, kuma ko a nan ɗin sai da na kau da kai. Amma wannan bai hana ni yin wata uku ina koya wa matata dabarun yaƙin ruwa ba.

Ɗinki ne sana'ata. Shagona yana ƙasan benen da muke zaune a Rusaifa, masallaci yana tsallaken titi, duniyata ke nan: in sauka, in tsallaka, in hau. Da idona ya fara gardama da ramin allura na bar wa wani shagon, na dawo falo na zauna. Zaman falo bai dame ni ba ko kaɗan. Wadda ya dama ita ce Hajiya, domin duk surutun da a da nake raba wa masu kawo ɗinki yanzu a kanta yake ƙarewa. Wata rana tana tsince shinkafa, ina ba ta labarin yadda maƙwabcinmu na sama yake tari daban idan matarsa na gida, sai ta ɗago ta ce, "Maigida, ko rediyo ana kashe shi ya huce."

Ita ce ta ƙulla abin da 'yarmu, 'yarmu ta ƙulla da mijinta.

Sai na faɗi wane ne mijin nan nata, in ba haka ba labarin ba zai zauna ba. Iyayensa ta Chadi suka shigo, kuma kakarsa ce ta raine shi, tsohuwar da ta zo da kunyar ƙauye a ƙunshe ba ta bar ko ƙwaya a hanya ba. Yaranmu da aka haifa nan, su sumbaci kanka su zauna kusa da kai suna latsa waya, Hausar ma sai ka ja ta da ƙugiya. Shi kuwa tun daga matakala yake tuɓe takalmi. Ya durƙusa ya gaishe ni, idonsa a kan dardumar, "Baba, kun wuni lafiya," in ce lafiya lau, ya ce "Madalla," shi ke nan an gama hirar wannan makon. Shekara shida da auren, ban san launin ƙwayar idonsa ba. Kuma ba zan ɓoye ba, abin yana mini daɗi. Ina ma yi wa abokaina gori da shi a ƙofar masallaci.

Abin da ban sani ba sai daga baya, wannan mai shiru-shirun yana da wani wuri da yake zuwa kowace Juma'a bayan la'asar. Ɗaki ne a saman wani bene a unguwar Shisha, hawa na huɗu, babu lif. Mai gidan tsohon malamin makaranta ne da ya yi ritaya, kowa Ustaz yake ce masa. Maza bakwai ko takwas ne ke taruwa, da furfurarsu da gilashinsu, a kewaye wani dogon tebur da aka shimfiɗa wa shuɗin ƙyalle. Ranar da ya fara kai ni, da na shiga na fara taɓa ƙyallen, na ji ba a kalmashe bakinsa da kyau ba, na yi shiru don baƙo ne ni. A kan ƙyallen ga ƙananan jiragen yaƙi, kowanne bai wuce tsawon yatsa ba, irin na zamanin da aka fara yi wa jirgi sulken ƙarfe ana zuba masa kwal. Da bututun hayaƙinsu, da igwoyinsu, wasu da ƙaho a gaba na sokar ɗan'uwa. Har tsatsa an zana musu a gindin bututu. Na tambayi inda ake sayen su da fenti haka. Ustaz ya nuna surukina da haɓa ya ce shi ne ya shafa musu, ɗaya bayan ɗaya, shekara da shekaru, da burushi mai gashi uku. Na waiga, mutumin yana kallon ƙasa kamar an kama shi da kayan sata.

Larabci ake yi a ɗakin, ni ne nake mayar muku da shi Hausa. Ƙa'idar wasan ba ta da wuya idan ba a bar Ustaz ya yi bayaninta ba. Ana raba mutane gida biyu ta hanyar ƙuri'a. Kowa yana da jirgi ɗaya ko biyu, da kati mai ƙananan akwatuna, idan an harbe ka a soke maka akwati, ranar da akwatunan suka ƙare jirginka ya tafi ƙasa. A kowane zagaye kowa ya rubuta a ɓoye inda jirginsa zai nufa, a buɗe takardu tare, a matsar da jirage, sannan a yi harbi. Ustaz ba ya son ɗan lido a gidansa, saboda haka marafan kwalba ne aka rubuta wa lamba aka zuba a jaka, mai harbi ya sa hannu ya zaro. Idan jirgi ko hayaƙinsa ya gitta tsakaninka da abokin gaba, ba ka da harbi. Hayaƙin kuwa auduga ce ake yagowa a ɗora.

Ni a aji huɗu na bar makaranta, rubutuna sai an yi masa haƙuri. Ustaz ya ce ba komai, in zana kibiya in sa lamba. Aka ba ni jirgin da ake ba ɗan koyo, wani shimfiɗaɗɗe mai nauyin tafiya, da abu kamar gwangwanin tumatir a tsakiyarsa inda igwa take. Akwai wani likitan haƙori a cikinsu, mai ƙaton murya, wanda ba ya iya ganin abu ya bar shi. Shi ya fara cewa, yana kirana ammi, wato baffa, "Ga kunkuru, ya ammi, ka riƙe shi da kyau kada ya gudu."

To, akwai ƙa'ida ɗaya da ta zama sanadin lalacewata. Kafin ka yi harbi sai ka faɗi nisan da ke tsakaninka da wanda za ka harba, da ido, sannan a auna. In ka yi kusa da gaskiya harbinka na da ƙarfi, in ka yi nisa ya faɗa ruwa. Da aka zo kaina na dubi jirgin likita, na ga daga kafaɗa ne zuwa gwiwar hannun matsakaicin mutum, na ce santi talatin da shida. Aka shimfiɗa ma'auni. Talatin da shida. Ɗakin ya ɗauki masha Allah. Na gyara zama na ce musu da Hausa, "Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima," na kuma tilasta wa surukina ya fassara musu, ya fassara da murya kamar ta mai zazzaɓi.

Daga ranar kaina ya fara kumbura. Juma'a ta biyu kunkuru bai nutse ba. Ta uku bai nutse ba. Wata guda, wata biyu, jiragen mutane suna ta tafiya ƙasa, manya masu bututu biyu, ni ina nan a tsakiyar ƙyalle ina tafiyar hawainiya, katina da ɗan sauran akwatuna. Idan ƙuri'a ta haɗa ni ɓangare ɗaya da surukina, sai in ga kullum jirginsa ya faɗo tsakanina da wuta, ya sha harbi har ya nutse, in ce a raina yaron nan bai iya kauce wa hanya ba. Idan kuma muna gaba da juna, sai hayaƙinsa ya gitta wa abokansa daidai lokacin da suka saita ni, shi kuma ya juya igwarsa can wani jirgi mai nisa da ko tsuntsu ba zai kai ba. In ce a raina yaron nan bai san inda haɗari yake ba. Na ji ana cewa shi ne gwanin ɗakin, na ɗauka kara ce ake yi masa don shi ke shafa fenti.

A gida kuwa Hajiya ta ga abin da ya fi na da. Da can labarin maƙwabta take sha, yanzu faranti nake jawowa in jera kofunan shayi, cokali ya zama ƙaho, in nuna mata yadda na ba likita gefe na ƙi ba shi gaba. Na ɗinka wa jakar marafai sabuwar riga. Na kalmashe bakin shuɗin ƙyallen nan da hannuna, da gilashi biyu a ido. Na kira wani ɗan baffana a Kano, wanda ko da ya kira ni gaisuwar rasuwa ma ban daɗe da shi a waya haka ba, na gaya masa ashe jinin ruwa gare mu, mahaifina ne kawai bai gane ba. Abin da ya fi ci mini rai idan na tuna shi ne saƙon da na ba 'yata. Na ce mata, "Ki gaya wa mijinki ya riƙa lura da yadda nake yi. Ba na son a ce surukina kullum shi ne farkon nutsewa." Ta dube ni, ta dubi uwarta, ta ce, "Tayyib, Abuya," ta shige kicin da sauri. Na ji dariya daga can, na ɗauka wani abu suke kallo a waya.

Kunne dai Allah ya ba ni. Shekarun da na yi a kan keke, mutane suna hira a bayana suna zaton ƙarar keke ta rufe, su suka koya mini jin magana ta cikin hayaniya. Wata Juma'a, an tashi wasa ana shirin magariba, na shiga ɗan banɗakin da ke jikin kicin in yi alwala. Bangon katako ne. Na wanke ƙafar dama ke nan na ji muryar likita, wai shi a dole raɗa yake yi.

"Ya akhi, mu ba mu ba ka 'ya ba. Me ya sa mu za mu riƙa biyan sadakin kowace Juma'a?"



Likita ya ci gaba, "Yau sau uku kunkurun nan yana gabanka, gefe a buɗe, ko makaho zai same shi. Ka juya ka harbi kifi. Ni kuma na saita shi, ka zo ka tsaya mini da hayaƙi kamar mai turaren wuta."

Sai muryar Ustaz, a hankali. Ya ce mutanen Jidda masu irin wannan wasa za su zo wata mai kamawa, mutum huɗu za su fito daga kowane gari, kuma kowa ya san ba su da kamar surukina. Amma ba wannan ne ma babban abin ba. Mutum biyu sun riga sun daina zuwa, sun ce wasan ya zama wasan yara, tun kafin a fara an san wanda ba zai nutse ba. Ya ce, "Ammi mutumin kirki ne, muna son sa. Amma teburin nan kowa daidai yake da kowa. Juma'a mai zuwa ko ka harbe shi kamar yadda za ka harbe ni, ko ka huta daga tebur har Allah ya kawo mafita."

 Sannan surukina ya ce, "Ku bar shi ya ci gaba da zuwa. Yana jin daɗi. Ni zan huta."

"Kai ka kafa wurin nan da ni," in ji Ustaz. "Jiragen nan naka ne."

"Zan bar muku su."

Ina tsaye da ƙafa ɗaya a kwano, ruwa na zuba, na manta ko na yi shafar kai. Sai da na sake alwalar daga farko.

Surukina ya mayar da ni gida a mota. Da na shiga gida na zauna, Hajiya ta kawo shayi, ta ga ban taɓa kofunan ba, ta ce, "Lafiya? Yau ba a yi yaƙin ba ne?" Na kwashe duka na gaya mata. Ina jira ta riƙe baki, sai na ga ta ci gaba da juya sukari.

"Kin sani?"

"Tun makon farko 'yarka ta gaya mini."

"Kuka bar ni ina kiran Kano?"

"Ka taɓa barin wuri a magana da mutum zai sa tasa?"

Na ce to shi ke nan, na daina zuwa, a bar wa yaro wurinsa. Ta ce in na daina, zai ɗauka shi ya kore ni, kuma wanda ya ƙi harbin ɗan ƙarfe don kunya ba zai koma ɗakin da aka kori surukinsa ba, mu yi biyu babu. Na ce to in kira shi in yi masa magana. Ta ce, "Da wane bakin? Kai da shi kun taɓa wuce ina wuni?" Gaskiyarta. Idan na zaunar da shi na ce na ji abin da aka faɗa a kicin, ƙasa za ta tsage ya shige, ni ma in bi shi.

Sai na koma hanyar da muka saba. Na kira 'yata a waya na ce, "Ki ce wa mijinki na ce ya harbe ni."

"Abuya, in ce masa me?"

"Yadda na faɗa. Umarni ne."

Washegari ta kira. Na ce me ya ce. Ta ce, "Ya ce Allah ya ƙara wa Baba lafiya da nisan kwana." Duk wanda ya san Hausa ya san an ce a'a.

Ranar Laraba ina zaune na yi tagumi, Hajiya tana ninke kaya, ta ce ba tare da ta dube ni ba, "Shekara shida yana cin abinci a gidan nan. Ka taɓa ganin ya kai loma baki?"

Na ce ban taɓa ba.

"Amma kwanon yana dawowa kamar an wanke."

"Ai don ina tashi in ba shi wuri ne."

"To," in ji ta, ta ɗauki kayanta ta shige ɗaki.

Juma'a na riga kowa hawa benen, ina haki. Na sami Ustaz yana share tebur, na ce masa bangon banɗakinsa yana bukatar bulo. Ya tsaya da tsumma a hannu, fuskarsa ta canza, ya fara neman kalmar ba da haƙuri. Na ce ya bar shi, ni abu biyu nake so: yau ƙuri'a ta raba ni da surukina ko ta halin ƙaƙa, kuma idan lokacin harbi ya yi zan bar masa takardata ya zaro mini marafai. Ya ce shi bai taɓa murɗe ƙuri'a ba. Na ce yau ya fara, Allah mai gafara ne.

Aka raba, muka faɗo gaba da juna. Surukina ya zo ranar da wani kwali a hannu, na lura ya ajiye shi a ƙarƙashin tebur, kuma na gane sauran fentinsa da burusansa ne ya kawo zai bar musu. Yana da babban jirgi mai bututu biyu. Na zana kibiyata, na tura kunkuru kai tsaye gabansa, na juya masa gefe, yadda ko ɗan koyo ya san ba a yi. Likita, wanda yau yake ɓangarena, ya ce, "Ya Kaftin, wannan dabara ce ko wasiyya?" Ban kula shi ba. Da Ustaz ya ce harbi, na miƙe na ce bari in sha iska, na fita na ja ƙofa.

Amma hali zanen dutse. Ban yi nisa ba. Na tsaya a bayan ƙofa kusa da tankin ruwa, rana tana dukan ƙeyata, injin sanyaya ɗaki yana hura mini zafi a ƙafa, na kafa kunne.

"Yalla, ya fita," in ji wani.



"Me kake jira? Ga shi nan kamar tire."

Sai na ji surukina ya ce a hankali, "Yana bayan ƙofa."

"Wa ya ce?"

"Ban ji takalminsa a matakala ba. Baba ba ya barin magana a bayansa."

Ɗakin ya fashe da dariya, har da Ustaz. Ni da nake taƙamar ban san launin idonsa ba, ashe shi ya san ni kamar yunwar cikinsa. A wannan zagayen ya harbi wani jirgi can gefe. Na dawo ciki ina gyaran murya, na ce iskar waje ba daɗi, kowa ya duƙar da kai yana duba katinsa.

Zagaye na gaba na bar kunkuru inda yake, na rubuta sifili. Surukina ya yi ƙoƙarin kaucewa, amma jirgi mai nauyi ba ya juyawa kamar keke, ya ƙara matsowa kusa ma. Ustaz ya ce harbi. Na miƙe, na dubi Ustaz, don ba zan iya duban wancan ba, na ce, "Zan sauka baƙala, kantin nan na ƙasa, in sayo ruwa mai sanyi. Hawa huɗu ne, gwiwata ba ta da kyau, zan daɗe." Na sa takalmi, na sauka ina buga shi a kowace matakala kamar mai kashe kyankyaso.

Ban san ko wani zai gane nauyin wannan saukar ba. A rayuwata ba a taɓa yin wata magana mai daɗi a kusa da ni na bar ta ba. Ga shi yau ana shirin yin wadda ta fi kowacce, a kaina, ni kuma ina tafiya da ƙafata. A hawa na uku na tsaya, na ji kamar in tuɓe takalmin in lallaɓa in koma. Na tuna kwalin nan na ƙarƙashin tebur, na ci gaba da sauka.

A baƙala na sayi ruwa, na tsaya ina karanta kwalayen biskit da ban iya karantawa ba. Mai shagon ya tambaye ni ko wani abu nake nema, na ce a'a, ana nutsar da ni ne a sama. Ya dube ni ya koma kan wayarsa. Kuma ga wani abin kunya da zan faɗa: duk tsayuwar nan, wani ɓangare na zuciyata yana cewa wataƙila kunkuru ya jure. Wataƙila in koma in tarar ya yi iya ƙoƙarinsa bai iya ba, a gane ashe dai akwai wani abu a wurin tsoho.

Na hau, ina hutawa a kowane hawa. Da na tura ƙofa, inda kunkuru yake babu komai sai tulin auduga. Shi kansa an ɗauke shi an kifa a gefen tebur. Katina yana gaban kujerata, an soke akwatunan duka, har da wasu a bayan katin da ban san da su ba.

Likita ya karɓi ruwan daga hannuna ya ce, "Ya ammi, na cire haƙora da yawa, ban taɓa ganin wanda ya fita da sauƙi haka ba. Ko kallon teburin bai yi ba ya faɗi nisan. Muna jin takalminka a hawa na biyu aka gama."

"To me ya sa ba ku kira ni ba?"

"Mun ga kana bukatar motsa jiki."

Na saci kallon surukina. Kansa yana ƙasa, hannuwansa a cinya, amma bayan kunnensa yana motsi irin na mai danne wani abu. Ustaz ya jawo takardar da yake rubuta waɗanda za su kara da mutanen Jidda, ya rubuta suna a layin farko, ya juya ta yadda kowa zai gani. Ni ba a tambaye ni ko ina so ba, ban kuma yi tayi ba. Da aka tashi, surukina ya sunkuya ya ɗauki kwalinsa ya sa a hammata.

Muka hau mota muka bar Shisha. Muna tsaye a wata danja, injin yana kaɗawa, sai na ji ya yi gyaran murya.

"Baba, ku yi haƙuri."

"Ba komai, Malam. Yaƙi ne."

Danja ta ba da hannu, muka wuce. Can sai ya ce, idonsa a kan titi, "Da kun riƙa ba da gaba maimakon gefe, sulken ya fi kauri a nan. Kuma kuna yawan..." Sai ya katse, kamar wanda ya taka wuta.

"Ina yawan me?"

"A'a, Baba, ba komai."

"Ka fara, ka ƙarasa."

Ya yi tafiya mai ɗan nisa kafin ya ce, "Kuna yawan faɗin inda za ku nufa tun kuna zana kibiyar. Kowa yana ji."

Na ce masa ya rage gudu, akwai sauran hanya kafin Rusaifa, ya faro mini daga makon farko.